Ranar da Na Yi wa Turawa Amshi a Riyad

Abubuwa da yawa na zamana a Riyad sun fara ɓace mini yanzu, har sunan Bayamanen da muke sayen gurasa a wurinsa kowace safiya na nema na rasa. Amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi wa Turawa amshi ba, amshin da babu mahalukin da ya roƙe ni. Duk lokacin da abin ya faɗo mini, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na rufe fuska, can in kama dariya, daga nan kuma sai kewa ta rufe ni.

A lokacin muna zaune a unguwar Al-Oud, mu biyar 'yan Najeriya a ɗaki biyu, a saman shagon wani mai gyaran firji. Aikinmu kuwa yana can Birnin Masana'antu na Biyu, a wani kamfani mai ba da hayar lasifikoki da fitilu da dandamali ga masu taro. In za a faɗi gaskiya ni ɗan dako ne, in loda akwati in sauke akwati, sai dai in an tambaye ni daga gida cewa nake ina "ɓangaren sauti". Babbanmu a gidan Kawu Ɗanjuma ne, direban motar kayan, Bakano mai furfura wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar. Shi ke dafa mana tuwon semo ranar Juma'a, shi ke raba faɗa, kuma duk duniya ban taɓa ganin mai tsokana irinsa ba.

Sunana a gidan Ustaz. Ba karatu ne ya jawo mini sunan ba (abin da na haddace bai wuce na salla ba), hali ne na ɗora wa kaina. Na tara gemu, na ɗage wando, ina bin ɗaliban ilmi zuwa darasi a masallacin unguwa, kuma da wani ya kunna waƙa a waya sai in haɗe rai in tashi in bar ɗakin. Sun ɗauka tsoron Allah ne. Akwai shi daidai gwargwado, amma babban abin da nake tsoro shi ne kada ƙafata ta tona mini asiri, domin da na ji kiɗa babban yatsana yake fara motsi ba da izinina ba.

Ga abin da nake ɓoyewa. Babana ɗan amshi ne. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye a bayan wani makaɗin noma a ƙasarmu ta Zamfara, mutumin da duk ƙungiyar ke kira Maigida. Ni ma tun ban kai goma sha biyu ba aka sa ni a layi, na iya karɓi kafin in iya rubuta sunana. Da Maigida ya tsufa tari yakan sarƙe shi a tsakiyar waƙa, wani lokaci kuma baiti ya ɓace masa ɗungum. Ka'idar Baba guda ɗaya ce, kuma da dundu ya koya mini ita: in Maigida ya yi shiru, ba a jira, ba a waiwaye, sai a ɗauki amshi a yi ta juya shi har ya dawo, kada 'yan kallo su gane komai. Ya ce aikin ɗan amshi ke nan, sauran duk ado ne. Na so wannan rayuwa ƙwarai, har ranar da na shiga sakandare yara suka fara kirana ɗan maroƙa. Daga nan na tsani abin. Da na zo Riyad aka tambaye ni sana'ar gidanmu, na ce noma. (Ba ƙarya na yi ba, muna da gona. Rabin gaskiyar kawai na bari a filin jirgi.) Shekara huɗu ina gina wannan Ustazancin, kuma ba ni da wata kadara a ƙasar da ta wuce shi.

A shekarun da aka fara sakin mara ga tarukan kiɗa a birnin, aiki ya yi mana yawa. Wata safiya mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Nasir, ya tara mu a sito ya ce akwai aikin kwana uku a unguwar ofisoshin jakadanci. Wasu Turawa ne suka kawo mawaƙa shida daga ƙasashe shida tare da makaɗansu, za su yi wasa don su wayar wa mutane da kai game da yadda ƙasashensu suka haɗe. Ni dai ban gane me ya haɗa haɗewar ƙasashe da waƙa ba, sai a mota Kawu Ɗanjuma ya warware mini, yana tuƙi yana taunar asuwaki. Ya ce mutanen nan sau biyu suna kashe junansu kamar ba gobe, da suka gaji sai suka zauna suka ce a haɗa kasuwa, a buɗe iyaka, da yawansu ma har kuɗinsu ya zama iri ɗaya. Yanzu mutum sai ya karya kumallo a wata ƙasa ya ci abincin rana a wata, babu mai tambayarsa takarda.

"Mu kuwa da mutanen Maraɗi harshe ɗaya, tuwo ɗaya, amma je ka Jibiya ka ga yadda za a zazzage maka jaka," in ji shi. "A nan kuma ko jana'izar uwarka ce sai kafil, ubangidan da ya kawo ka ƙasar, ya yarda."

Na ce masa ni dai matsalata kiɗan ne, Allah ya sa kada mu kwashi zunubi. Ya kalle ni ta gefen ido ya ce Allah ya ƙara wa Ustaz tsoron Allah.

Wurin wani lambu ne mai dabino da ciyawa shar, an jera tutoci, ga wata shuɗiya mai taurari a tsakiya. Muka kafa dandamali, muka tsayar da wani ƙaton allon majigi a bayan mawaƙan, muka ja wayoyi. Kwana biyu suna gwaji muna aiki a gefe, ni kuma ina ta fama da yatsan ƙafata a cikin takalmi. Babbar waƙarsu, wadda za su rufe taro da ita, tsarinta ya ba ni mamaki domin tsarin gidanmu ne sak. Kowane mawaƙi zai yi baiti da harshen ƙasarsa, sai dukkansu su haɗu su yi amshi. Amshin kuma babu kalma ko ɗaya a cikinsa, murya ce kawai ke hawa tana sauka, wai don kada a ce harshen wani ya danne na wani. Tun a jin farko ya zauna mini a kai. A ji na uku har na gano wanda ke shigowa a makare, wani dogo mai gemun akuya, na riƙa jin haushinsa a raina kamar ni na ɗauke shi aiki.

Baiti na ƙarshe na wata tsohuwa ne, 'yar ƙarama mai farin gashi, wadda nake jin ta haura saba'in. Muryarta ta fara rawa irin ta tsufa, amma in ta ja baiti sai tsigar jikinka ta tashi. Ta tuna mini da Maigida a shekarunsa na ƙarshe, har na riƙa satar kallonta ina jin tausayi. A wurin gwaji, duk lokacin da ta kai ƙarshen baitinta sai shugabansu ya kaɗa hannu ya ce wani abu, su wuce kai tsaye zuwa amshi. Ban san tsallake wani abu suke yi ba.

Ranar taro abokin aikinmu mai kula da makirufo ya tashi da zazzaɓi. Abu Nasir ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina, saboda a ganinsa ni ne mai natsuwa wanda kiɗa ba zai ɗauke wa hankali ba. Ya damƙa mini makirufo na ko-ta-kwana, ya tsayar da ni a gefen dandamali, bayan allon majigi. Ya ce in na wani ya mutu, in kunna wannan in miƙa da sauri, ban da haka kada in motsa.

"Mafhum, ya shaikh?"

Na ce mafhum, wato na fahimta. Har da dafa ƙirji.

Bayan la'asar lambu ya cika. Ga Larabawa da fararen riguna, ga Turawa da kwat, ga ɗaliban jami'a da aka gayyato, ga jakadu a layin gaba. Kafin waƙar ƙarshe wata mata ta hau ta yi dogon bayani da Turanci, wani ya fassara da Larabci. Ni a daidai lokacin na lura batirin makirufona ya yi ƙasa, na ruga mota na canzo. Na dawo ina haki ina yaba wa kaina da iya aiki, ban san na bar abin da ya fi batir muhimmanci a bayana ba.

Waƙa ta fara. Na farko ya yi baitinsa, aka yi amshi. Na biyu, na uku, har aka zo kan tsohuwa. Ta ja baitinta, ranar ma muryarta ta fi kullum rawa, ta kai ƙarshe. Na ja numfashi tare da su ina jiran amshi.

Shiru.

Masu goge sun sauke hannu. Mai ganga ya ɗora sandunansa a cinya. Da farko na ce makirufonta ne ya mutu, na danna nawa ya kawo wuta, na ɗaga ƙafa zan ruga. Sai na hango ta daga gefe, bakinta a rufe, kanta a sunkuye. Wallahi abin da na gani ke nan: Maigida a filin gayya, baiti ya ɓace masa. Na dubi sauran biyar ɗin, ƙarti da 'yan mata masu jini a jika, kowa ya sunkuyar da kai ya bar ta ita kaɗai a gaban jakadu. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wane irin 'yan amshi ne waɗannan, a haka ne za a haɗa ƙasashe? Na ƙirga bugu huɗu, na ƙirga takwas. A gidanmu wanda ya bari aka kai takwas ya san abin da zai tarar da yamma.

Niyyata, Allah shaida, in ɗan yi gunji ƙasa-ƙasa yadda mai gemun akuya zai ji ya tuna aikinsa. Na manta makirufo a kunne yake, kuma yana daidai bakina. Na manta kuma cewa muryar da aka horar a filin gona ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

Amshin ya fita ta lasifika goma sha biyu da ni da kaina na sauke daga mota. Bai fita irin nasu ba, ya fita irin namu, da karya murya da jan wutsiya a ƙarshe. Wani abin kunyar ma, da na ji shi ya cika lambun sai daɗi ya kama ni. Shekara da shekaru ban buɗe maƙogwaro ba. Hannuna na hagu ya tafi kunne da kansa, idona ya rufe, ƙafata ta samu 'yancin da ta daɗe tana nema. Na juya amshi sau ɗaya, babu wanda ya karɓa. Na ce to, tsoro ne ya kama su, na sake juyawa da ƙarfi. Abu Nasir ya kashe makirufon daga wurin na'ura (daga baya na ji har ya ture kofin shayinsa), amma ina, ni ban ma san an kashe ba, na shiga zagaye na uku da muryata ta Allah.

Sai na ji an finciko rigata ta baya. Kawu Ɗanjuma ne, idanunsa kamar za su faɗo.

"Ustaz, kai ne? Rufa mana asiri ka dubi allo."

Ya ja ni taku biyu gaba, na leƙa fuskar allon da nake tsaye a bayansa tun ɗazu. Hoton maƙabarta ne, fararen alamun kaburbura a jere har iyakar gani. Mutanen lambun duk suna tsaye, wasu hannu a ƙirji, kuma duk wanda ke da wuya ya juyo da shi wajena. Ashe bayanin da na tafi canjin batir na rasa, cewa aka yi bayan baitin tsohuwa za a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen da suka sa ƙasashen suka haɗe. Shirun nan shi ne zuciyar taron gaba ɗaya. Saboda shi aka hau jirgi aka zo. Ni kuma na shiga tsakiyarsa da waƙar noma.

Na so ƙasa ta tsage. Da ba ta tsage ba, sai na yi abin da har yau ban san dalilinsa ba: na miƙa wa Kawu Ɗanjuma makirufon, kamar shi ne mai shi. Ya ƙi karɓa, ya maida hannuwansa baya.

Shugaban mawaƙan ya bar wasu daƙiƙu suka wuce, ya ɗaga hannu, suka yi amshinsu suka rufe. Aka tafa, amma tafin bai kai na sauran waƙoƙin ba. Ni dai na shige ƙarƙashin dandamali ina kwance wayoyin da lokacin kwance su bai yi ba. Nan Abu Nasir ya same ni. Ba zan maimaita abin da ya faɗa ba, na dai koyi sababbin kalmomin Larabci da ba a koyarwa a darasin masallaci. Ya rufe da cewa daga yau ko makirufon wasan yara ba zan sake taɓawa ba, in koma akwatina, kuma in gode wa Allah bai taɓa iƙamata ba, wato takardar izinin zamana a ƙasar.

Ina naɗe waya, mutane sun fara watsewa, sai na ga ƙananan takalma sun tsaya a gabana. Tsohuwar ce. Na miƙe ina ta jero ban-haƙuri da ɗan Turancin sakandarena. Ba ta yi murmushi ba, kuma ba ta ce ba komai ba, domin da komai. Ta ce mini a hankali, yadda zan gane, mahaifinta yana cikin irin waɗancan kaburburan, ya mutu tana cikin mahaifiyarta, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce duk garin da suka je, wannan mintin nasa ne. Sannan ta tambaye ni me ya sa na yi haka.

Na gaya mata na zaci ta manta baitinta ne, kuma a wurinmu ba a barin mai waƙa shi kaɗai. Ta yi shiru tana kallona, har na fara tunanin ko wannan shirun ma na wani ne. Can ta ce na ɓata mata mintinta, amma a kan kiɗa na shigo, ko kaɗan ban kauce ba, kuma wannan ba a kwana biyu ake koyonsa ba.

"Wa ya koya maka?"

Kawu Ɗanjuma yana tsaye a gefe da sauran 'yan ɗakinmu, kowa ya riƙe akwati ya ƙi tafiya. Na dubi matar nan da ta zagaya duniya tana tsayar da jakadu a kan ƙafafunsu saboda uban da ba ta taɓa gani ba. Ni nawa yana raye, yana can yana ɗaga waya duk Juma'a yana sa mini albarka, na shekara huɗu ina shiru da sunan sana'arsa. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta makirufo nesa ba kusa ba.

Na ce, "Babana. Ɗan amshi ne." Na faɗa da Turanci, na sake faɗa da Hausa don masu akwati su ji.

Ta gyaɗa kai ta ce in gaishe shi, ta tafi.

A hanyar komawa Al-Oud muka bi ta unguwar Batha. Sai Kawu Ɗanjuma ya gyara murya, ya ɗora hannu a kunne, ya rera amshin Turawan da muryarsa mai kama da ta tsohon injin niƙa, sauran suka karɓa. Na ce su ji tsoron Allah. Suka ce ai Ustaz ya riga ya ba da fatawa a gaban jakadu. Daga ranar sunan Ustaz ya mutu, na koma Ɗan Amshi, kuma abin mamaki babu wanda ya rage mini komai. Kawu ma cewa ya yi tun shekarar farko ya lura da yatsan ƙafata, jira kawai yake ya ga ranar. Bayan haka, in an gama tuwon Juma'a sai su matsa mini in yi musu waƙoƙin noma, mu biyar a ɗan ɗakin nan, ana buga bokiti a hankali saboda maƙwabta, wani yana dariya wani yana share ido don ya tuna damina a garinsu. Yanzu duk mun watse. Kawu ya koma Kano, ɗaya yana Jidda, sauran ban ma san inda suke ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar ɗakin da ke warin gas ɗin firji ba, amma ina yi.

Juma'ar da ta biyo bayan taron na kira Baba na ba shi labari tun daga farko, har da abin da na ɓoye shekara huɗu. Na zaci zai yi fushi, ko ya yi shiru irin nasa mai ciwo. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"To, ka shiga daidai bisa kiɗi?"

Na ce ita kanta tsohuwar ta ce ban kauce ba.

"Madalla. Su kuma 'yan amshinta mi suka tsaya yi?"

Na sake bayyana masa cewa shirun da gangan ne, na mamata ne. Ya ce ya ji, Allah ya kyauta, amma shi dai har yanzu bai yarda da 'yan amshin nan ba. Game da ɓoye shi da na yi kuwa bai ce komai ba, ranar ko bayanta, har Allah ya karɓi abinsa shekara biyu da suka wuce. Sai daga baya na gane ya yi mini abin da ya saba yi wa Maigida ne, ya rufe wurin da na yi tuntuɓe ya wuce, kada kowa ya gane.

Darasin da na koya dai, ba kowane shiru ne ke neman agaji ba, kuma in ana bayani a taro, batir ya jira. Yanzu in na ga mutane sun yi tsit, sai na leƙa gaban allo kafin in buɗe baki. In kuwa aka tambaye ni sana'ar gidanmu, ba na ƙirga ko bugu ɗaya kafin in amsa.